Shiga VM da netwok ɗinta ya mutu: siriyal, VNC, SPICE ko wakilin ciki?

Dokar katangar tsaro guda ɗaya da aka rubuta a karkace ta isa ta rufe ka waje. Haka ma adireshin IP da aka sauya ba a gyara hanyar fita ba, ko katin netwok da ya tashi da sabon suna bayan an sabunta manhaja. Kwamfutar kwaikwayon, wato VM, tana nan da ranta, faifanta lafiya lau, amma hanyoyin shiga daga nesa, SSH da RDP, duk shiru, domin dukansu ta hanyar da ta toshe suke bi. Akwai kuma wanda da gangan ya cire mata katin netwok, kamar mai binciken muguwar manhaja ko mai ajiye makullan sirri a na'urar da ba a so ta taɓa ganin intanet. Duk buƙatarsu ɗaya ce: su kai ga allon na'urar daga nesa ba tare da sun bi ta netwok ɗinta ba.

Netwok ɗin da babu shi na baƙuwar na'urar ne, wato VM ɗin. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da ita, mai masauki, dole a iya kaiwa gare shi, domin duk hanyoyin da za mu duba shi ne yake buɗe su. Shi ya ƙera wa baƙuwar katin hoto na kwaikwayo, shi ya ƙera mata allon madannai da ƙofar siriyal, don haka yana iya miƙa maka su ko da ita ba ta san da zamanka ba. A nan ne mutane da yawa suke rikicewa: VNC, hanyar nuna allon kwamfuta daga nesa, iri biyu ne; wanda ka girka a cikin baƙuwar daban, wanda QEMU, manhajar da ke tafiyar da VM a mai masauki, ke buɗewa daga waje daban. Na cikin yana mutuwa tare da netwok, na wajen babu ruwansa.

Ma'aunin da nake ganin ya fi kowane amfani wajen zaɓe shi ne wannan: a wane mataki na tashin na'ura hanyar take fara gani? Na'ura tana iya maƙalewa a BIOS ko UEFI, tana iya tsayawa a GRUB, manhajar da ke ɗora Linux, kanel, wato zuciyar manhajar, yana iya faɗuwa kafin ya ɗora faifai, ko kuma komai ya tashi netwok kaɗai ya ƙi. Hanyar da ba ta farkawa sai komai ya tashi ba za ta yi maka komai ba a matakai ukun farko, duk kyanta.

Siriyal: rubutu zalla, amma ita ce ta fi jure wahala

Ƙofar siriyal tsohuwar aba ce, ta girmi VM kanta. Haruffa kawai take aikawa ta karɓa. Ba hoto, ba linzami. Wannan talaucin nata shi ne ƙarfinta: a layin intanet da ya yi rauni har hoton allo ke zuwa gutsure-gutsure, siriyal tana tafiya kamar SSH, saboda cikin SSH ɗin mai masauki kake buɗe ta.

Umarnin ya danganta da dandalin da ke tafiyar da VM ɗin. A KVM da libvirt, ka shiga mai masauki ka rubuta `virsh console sunan-vm`, ka fita da Ctrl da ]. A Proxmox sai ka fara ƙara ƙofar da `qm set 100 -serial0 socket` (100 lambar VM ɗin ce), ka kashe na'urar ka sake kunna ta, sannan `qm terminal 100`, fita kuma da Ctrl da O. A Xen, `xl console`. Umarnin ba wuya. Wuyar tana cikin baƙuwar, domin idan ba a gaya mata ta yi magana ta wannan ƙofa ba, za ka haɗu da ita ka zauna gaban baƙin allo, kana buga Enter ba amsa.

Gyaran a Linux wuri biyu ne. A layin umarnin kanel ka ƙara `console=tty0 console=ttyS0,115200n8`. Tsarin jerawar yana da muhimmanci: saƙonnin kanel suna zuwa duka biyun, amma wanda ya zo ƙarshe shi ne babban kwansol, can ne yawanci tambayoyin farkon tashi suke fitowa. A na'urorin da ke amfani da systemd, wannan layi kaɗai yana sa a buɗe wurin shiga a ttyS0, ko kuma ka kunna shi da hannu da `systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service`. Wuri na biyu GRUB ne: `GRUB_TERMINAL="console serial"` tare da `GRUB_SERIAL_COMMAND="serial --unit=0 --speed=115200"`. Wannan na biyun shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ne zai ba ka damar zaɓen tsohon kanel ranar da sabon ya ƙi tashi.

Abin da ya sa na fifita siriyal ga sabar Linux ya wuce sauƙin layi. Rubutu ne na gaske, don haka kana iya kwafe saƙon kuskure ka nema, kana iya manna doguwar kalmar sirri, kana iya komawa baya ka karanta abin da ya wuce. Idan kanel ya faɗi, allon hoto layukan ƙarshe kawai yake nuna maka, farkon bayanin da ya fi muhimmanci ya riga ya haura sama ya ɓace. Ta siriyal kuwa duka yana nan. Ƙari a kan haka, libvirt yana iya zuba duk abin da ya fito ta ƙofar cikin fayil a mai masauki, sai ka karanta abin da ya faru da tsakar dare bayan gari ya waye.

Tana da nata aibun. Ba ta sanar da baƙuwar girman tagarka, shi ya sa editoci irin vi ke hargitsewa har sai ka rubuta wani abu kamar `stty rows 50 cols 160`. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Idan wani ya riƙe ta sai da `--force` za ka karɓe. Akwai kuma wani da ya fi waɗannan haɗari: yanke haɗi ba fita ba ne. Idan ka danna Ctrl da ] kana matsayin root, asusun da ke da cikakken iko, zamanka yana nan a buɗe, duk wanda ya zo bayanka zai tarar da shi ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Ka rubuta `exit` tukuna.

Windows ma tana da nata kwansol na siriyal. Bayan `bcdedit /ems on` da `bcdedit /emssettings EMSPORT:1 EMSBAUDRATE:115200`, Windows Server tana buɗe wani ƙaramin kwansol mai suna SAC ta siriyal. Harafin `i` yana nuna adireshin IP, `cmd` yana buɗe tashar umarni. Ya isa a gyara netwok ko a kashe wani aiki da ya maƙale, amma babu wanda zai so ya yini a ciki.

VNC: ba ya buƙatar komai daga baƙuwar

An ƙirƙiro VNC a ɗakin binciken Olivetti da Oracle da ke Kambirij a Ingila cikin shekarun 1990, kuma an rubuta ƙa'idarsa ta RFB a matsayin RFC 6143 a 2011. Aikinsa a fili yake: ya ɗauki hoton allo ya turo maka sassan da suka canza, ya mayar da abin da ka danna. Da yake mai masauki ne ke karanta hoton kai tsaye daga katin kwaikwayo, kana gani tun daga tambarin BIOS. Ba ruwansa da ko Linux ce, ko Windows, ko BSD, ko faifan ma babu komai a kai. Da shi ake girka sabuwar manhaja, da shi ake ganin shuɗin allon Windows, da shi ake shiga na'urar da wani ya gina ya tafi bai shirya siriyal ba.

Matsalarsa babba tsaro ce. Kalmar sirrin VNC ta asali haruffa 8 kawai take dubawa, kuma bayan an shiga, hoton da dannawar madannai a fili suke tafiya idan ba a saka TLS mai ɓoye su ba. Wanda ya buɗe ƙofar netwok ta VNC, 5900, ga duniya ya ajiye allon sabarsa da madannanta a bainar jama'a. Shi ya sa libvirt ke ɗaure shi a 127.0.0.1, adireshin da daga cikin mai masauki kaɗai ake kaiwa gare shi, tun daga farko, kuma bai kamata a taɓa wannan ba. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta cikin SSH. Ka tambayi lambar da `virsh vncdisplay sunan-vm`. Idan ya ce `:1`, ƙofar 5901 ce. Daga kwamfutarka sai `ssh -L 5901:127.0.0.1:5901 kai@mai-masauki`, ka nuna wa manhajar VNC adireshin localhost:5901. Wanda bai son wannan zagaye ya yi amfani da `virt-viewer -c qemu+ssh://kai@mai-masauki/system sunan-vm`, shi da kansa zai bi ta cikin SSH ɗin.

noVNC shi ne wannan VNC ɗin a cikin burauza. Shi kake gani idan ka danna kwansol a shafin Proxmox da ke ƙofa 8006, shi ne kuma OpenStack ke bayarwa ta ƙofa 6080. Amfaninsa a wajena ba rashin girka manhaja ba ne kawai. Shiga ta shafin tana bin asusun mutum da izininsa, ana iya ba wani damar ganin na'ura ɗaya ba tare da an ba shi SSH na mai masauki gaba ɗaya ba, kuma akwai tarihin wanda ya buɗe.

Sai ƙananan abubuwan da ke cin rai a lokacin da ake cikin gaggawa. Manna rubutu yawanci ba ya aiki, musamman a allon shiga, sai ka buga kalmar sirri mai haruffa talatin da hannu. Idan tsarin madannanka ya bambanta da na baƙuwar, alamomi irin @ da | da \ suna fitowa daban, kuma a wurin kalmar sirri ba ka ganin abin da kake bugawa, sai ka ɗauka ka manta ta. Dabarar ita ce ka fara buga alamomin a wurin sunan mai shiga ka ga yadda suke fitowa. Linzami da ke gudu gefe guda da inda kake nunawa kuwa, ƙara na'urar `usb-tablet` ke maganinsa. Ctrl-Alt-Del kuma kwamfutarka ce za ta cafke shi, sai ka aika ta maɓallin da manhajar ta tanada ko da `virsh send-key`.

SPICE

Kamfanin Qumranet ne ya ƙirƙiro shi, Red Hat ta sayi kamfanin a 2008 ta saki lambar manhajar ga kowa a 2009. An yi shi ne don wanda zai zauna ya yi aiki a VM kamar kwamfutar tebur: akwai sauti, akwai allo fiye da ɗaya, kana iya cusa na'urar USB a kwamfutarka ta bayyana a baƙuwar, kwafe da manna suna aiki. Ga mai binciken muguwar manhaja ko mai gwajin Windows a keɓe, wannan daɗi ne na gaske, ko da yake shi ya kamata ya kashe manna rubutu da tura USB, tunda kowannensu kafa ce tsakanin na'urar da ya keɓe da tasa.

Abu biyu ke sa ba na ba da shawararsa a matsayin ƙofar ceto. Yawancin alfanunsa, irin manna rubutu da daidaita girman allo, sai da spice-vdagent a cikin baƙuwar; idan baƙuwar ta lalace, abin da ya rage bai wuce VNC ba, ga kuma buƙatar girka remote-viewer. Na biyu, Red Hat da kanta ta cire shi daga RHEL 9 da ya fito a 2022. Proxmox da wasu rarrabuwar Linux suna ci gaba da shi, amma wanda ke gina sabon tsari a kan dangin Red Hat ya ɗauka VNC ne a gabansa.

Idan VMware ko Hyper-V kake

A nan zaɓin ya ragu, kamfanin ya riga ya yi maka rabinsa. VMware tana ba da kwansol na burauza da kuma manhajar VMRC. Na burauza ya isa a gyara netwok. VMRC ya fi dacewa idan za ka haɗa fayil ɗin ISO daga kwamfutarka ka tayar da na'urar da shi. Tsofaffin bayanai da ke koyar da buɗe VNC a ESXi, manhajar mai masauki ta VMware, sun daina aiki, domin an cire shi tun vSphere 7.0 na 2020.

Hyper-V yana da VMConnect, mai haɗuwa da mai masauki ta ƙofa 2179. Yana da yanayi biyu, kuma bambancinsu yana da nauyi. Na asali hoton allo ne kawai, yana gani tun daga farkon tashi. Ingantaccen yanayin, wanda ya zo da Windows Server 2012 R2, RDP ne da ke bi ta VMBus, kafar da ke tsakanin mai masauki da baƙuwa, maimakon netwok, da sauti da manna rubutu, amma sai hidimar RDP ta baƙuwar tana raye. Idan ya tsaya yana juyi, koma na asali. VirtualBox ma yana da irin wannan, VRDE, inda mai masauki ke magana da harshen RDP a madadin baƙuwar.

Wakilin ciki da vsock: gajeriyar hanya, ba kwansol ba

Akwai wani rukuni da ba ya nuna allo kwata-kwata. Ƙaramar manhaja ce ke zaune cikin baƙuwar tana sauraron mai masauki ta wata kafa ta musamman. A KVM sunanta qemu-guest-agent, tana bi ta virtio-serial. Da ita, `qm guest exec 100 -- ip addr` zai nuna maka halin katin netwok, `virsh set-user-password` zai sauya kalmar sirrin da aka manta ba tare da an kashe na'urar ba. A Hyper-V akwai PowerShell Direct tun Windows 10 da Server 2016: daga mai masauki ka rubuta `Enter-PSSession -VMName sunan-vm`, ka ba da asusun baƙuwar, sai ga ka a ciki. A VMware, `Invoke-VMScript` yana yin makamancin haka ta VMware Tools.

Idan matsalar katangar tsaro ce kawai, babu abin da ya kai wannan sauri, kuma ana iya saka shi cikin rubutaccen shiri a gyara na'urori hamsin a jere. Amma sai baƙuwar ta gama tashi wakilin yake farkawa. Layi ɗaya mara kyau a `/etc/fstab` ya jefa ta yanayin gaggawa, wakilin bai tashi ba, ba ka da kowa a ciki. Sannan wakilin QEMU da ikon root yake gudu, ma'ana duk mai iko da mai masauki yana da iko da cikin baƙuwar. Dangin Red Hat suna toshe `guest-exec` tun daga farko saboda wannan, sai ka buɗe da kanka a `/etc/sysconfig/qemu-ga`.

vsock sabon shiga ne a wannan fage. Soket ne tsakanin mai masauki da baƙuwa wanda ba ya amfani da IP; kowace na'ura lamba take da ita, mai masauki 2, baƙi daga 3 zuwa sama. Nau'insa na virtio ya shiga Linux 4.8 a 2016, kuma daga systemd 256 na 2024 baƙuwar da ke da sshd tana iya sauraron SSH ta vsock da kanta. Wannan yana ba ka cikakken SSH, da makullanka da kwafe fayil, a na'urar da ba ta da katin netwok ko ɗaya. Ga na'urar da aka keɓe da gangan, ina ganin wannan ya fi komai daɗin aiki na yau da kullum. Iyakarsa dai irin ta wakili ce: sai an tashi lafiya.

A gajimare

Idan na'urar haya ce a AWS, Azure ko Google Cloud, ba ka da hannu a mai masauki, abin da suka buɗe maka kawai za ka samu, kuma dukansu ukun siriyal suka zaɓa. AWS ta kawo nata a 2021 don na'urorin Nitro, kuma sai an kunna shi a matakin asusu. Azure yana buƙatar a kunna binciken tashi na na'urar, wato boot diagnostics. Google yana son `serial-port-enable=TRUE` a bayanan na'urar, sannan `gcloud compute connect-to-serial-port`. Ƙananan kamfanonin haya kuwa sun fi ba da noVNC.

A nan ne wani tarko ya fi kama mutane, ko da yake yana ko'ina. Hotunan Linux da aka shirya don gajimare da makullin SSH ake shigarsu, babu kalmar sirri ga kowane asusu. Kwansol kuma bai san makulli ba. Sai ka haɗu lafiya, ka ga `login:` a gabanka, ba ka da abin bugawa. A yanayin gaggawa ma, idan asusun root a kulle yake, na'urar za ta gaya maka ba za ta buɗe kwansol ba. Duk wahalar shirya siriyal ta tashi a banza idan babu asusu ɗaya mai kalmar sirri mai ƙarfi da ikon sudo na gudanar da umarni a matsayin root, kalmar kuma a ajiye a ma'ajiyar da ba ta cikin na'urar da ta lalace.

To, wanne?

Ga sabar Linux marar allon hoto, siriyal ce ta gaba, har da GRUB, a bar VNC a ɗaure a 127.0.0.1 don ranar da siriyal ɗin ta ƙi. Kada a cire katin hoto don tsimi. Ɗan abin da yake ci bai kai amfaninsa ba. Ga Windows, kwansol na hoto ne kan gaba, ko VNC ko VMConnect ko VMRC, da PowerShell Direct ko wakili a gefe don gyaran gaggawa. Na'urar da aka gada ba a san cikinta ba, VNC kaɗai ke da tabbas. Wanda zai yini yana aiki a tebur ɗin VM da aka keɓe, SPICE idan dandalinsa na da shi, ko ingantaccen yanayin Hyper-V. Idan kuma mutane da yawa za su riƙa shiga, a ba su ta burauza da asusun kowa daban, domin mai ikon `virsh` a mai masauki yana da ikon kowace na'ura da ke kansa.

Idan duk sun gaza, saura a kashe na'urar a buɗe faifanta daga waje. Kayan libguestfs, irin `guestfish` da `virt-rescue`, suna ba ka damar gyara fstab ko dokar katanga kai tsaye. Sharaɗinsa ɗaya ne kuma ba a wasa da shi: na'urar ta kasance a kashe, domin rubutu a faifan da ke kan aiki yana lalata shi. In kuwa mai masaukin ne kansa ya ɓace daga netwok, magana ta koma kan katin kula na ƙarfen sabar, IPMI ko iDRAC na Dell ko iLO na HPE, wanda ke da nasa layin daban.

Duk wadda ka zaɓa, gwada ta yau da na'urar ke lafiya. A libvirt, `virsh domiflist sunan-vm` zai ba ka sunan katin, `virsh domif-setlink sunan-vm vnet0 down` zai yi kamar an zare waya. Daga nan ka shiga ta ƙofar da ka tanada, ka buga kalmar sirrin nan da hannunka, ka sake tayar da na'urar kana kallo, ka tabbatar jerin GRUB ya bayyana kuma kibiyoyin sama da ƙasa suna motsa shi. Idan jerin ya wuce kafin ka ankara, ƙara `GRUB_TIMEOUT` zuwa daƙiƙa 5, ka kuma duba `GRUB_TIMEOUT_STYLE`, domin wasu hotunan suna zuwa da shi a `hidden`. Bayan ka gama, mayar da layin da `up`.